Minti Shida a Tashar Beljak

Ka taɓa jin kishin tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, wadda ba ta da mota, ba ta da kanti, wayarta ma irin ta da ce mai maɓallai? Ni na ji, kuma ban warke ba, shi ya sa na zauna in rubuta labarinta.

Sunanta Darinka Pretnar, amma a nan Jesenice ba mai kiranta haka sai mai kawo wasiƙa. Goggo Darinka kowa ke cewa, har waɗanda suka girme ta. Garinmu a gindin duwatsu yake, a bakin iyakar Sloveniya. Jirgin ƙasa na barin tasharmu ya shige ramin dutse, yana fitowa ɗaya gefen ka shiga Ostiriya, cikin minti arba'in kana Beljak. Gidanta na bayan tasha, a saman bene, matakala ashirin da biyu. Kantina na fenti da ƙusoshi yana kallon ƙofar gidan, don haka duk mai shiga da fita a idona yake yi. Ni ne Rado, ɗan Jožica.

A gidajen ma'aikatan jirgi aka haife ta. Babanta mai haɗa taragu ne, aikin ya ci masa yatsa biyu. Tana da shekara goma sha tara aka zaunar da ita a tagar sayar da tikiti, bayan shekara huɗu aka mai da ita taga ta uku, ta masu fita waje, a nan kuwa ta yi shekara talatin da biyar. Kuɗi iri uku ta karɓa tana zaune a kujera ɗaya: dinar, tolar, sannan yuro. A farkon aikinta da hannu ake rubuta tikitin ƙasar waje, da takardar kabon a ƙarƙashi, ga wani ƙaton littafi na nisan garuruwa da sai ta sa hannu biyu take ɗaga shi. Mazan garin nan da suka tafi ƙwadago Jamus da akwatunan kwali, ita ta rubuta musu tikitin tafiya, ita kuma ta rubuta wa matansu na ziyara. Mijinta Vinko direban jirgin kaya ne. Ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, ya bar mata agogonsa na aiki, mai sarƙa.

Da ta yi ritaya mutane ba su yi gardama da kowa ba, sai suka ɗauke layinsu daga tasha suka mai da shi kicin ɗinta. Ba ta sayar da tikiti yanzu. Kai dai ka hau ka zauna, ta tambaye ka, ta yanko bayan tsohuwar kalanda ta rubuta maka abin da za ka saya da inda za ka sauka. Ba ta karɓar ko sisi. Ana dai kai mata garin kofi, ƙwai, wani lokaci zuma. Wata Talata na tsaya na ƙirga daga bayan kanta: mutum tara suka hau benen nan tsakanin safe da azahar.

Abin da ke cin raina shi ne, ni ma na san harkar nan, kuma ba da wasa ba. Na san jirgi ɗaya ne, kujera ɗaya, amma kuɗinsa daban in ka saya daga shafin intanet na ƙasar nan, daban in ka saya daga na waccan. Na san tikiti mai araha a ɗaure yake da jirgi guda, in ya wuce ka shi ke nan. Na san wani lokaci in ka raba tafiya biyu a bakin iyaka ka fi samun sauƙi. Na san ranar da sabon jadawali ke fitowa a ƙarshen shekara, ina zaune da wayata ina jira. Bara na kai iyalina mu huɗu Vienna muka dawo a kan kuɗin da maƙwabcina ya biya shi kaɗai. Har takarda na manna a ƙofar kanti: ana taimaka wa masu neman tikitin jirgi, kyauta. Wata uku takardar nan ta yi. Mutum biyu suka shigo saboda ita, ɗaya daga cikinsu kuma tambayata ya yi wace ƙofa ce ta Goggo Darinka.

Ana nan sai ƙanwar mahaifiyata, Inna Slavka, wadda ke aure a Salzburg ta Ostiriya, ta aiko cewa za su cika shekara hamsin da aure. Za a yi musu addu'a a coci ranar Asabar da ƙarfe ɗaya na rana, kuma ta ce ba za ta shiga cocin ba sai yayarta na gefenta. Su biyu kaɗai suka rage cikin 'ya'ya shida. Mama shekararta saba'in da takwas. Ni ba zan iya raka ta ba, Asabar ce ranar cinikina, matata kuma tana bakin aiki ran nan. Na ce ta tafi tun Juma'a, ta ce a'a. Ranar Juma'a da yamma za ta gasa potica, naɗaɗɗen burodinmu mai zaƙi na biki, don ta isa da laushinta, kuma ba ta barin kajinta kwana biyu.

Na ce to, wannan karon aikin na gida ne. Yamma uku na yi a kai, jimla awa huɗu da minti ashirin. Akwai jirgin ƙarfe shida na safe, tikiti ɗaya har Salzburg, yuro sittin da ɗaya, da zaman jira mai tsawo a Beljak. Ni kuwa na samo na ƙarfe takwas da sha biyu, na raba tikitin biyu: yuro tara zuwa Beljak, yuro sha tara daga can zuwa Salzburg. Ashirin da takwas ke nan. Jirginta zai isa Beljak tara saura minti tara, na Salzburg ya tashi tara saura minti uku. Minti shida na canji. Na saya nan take, irin wanda ba a mayarwa, na buga su a takarda, na sa a leda na kai mata.

Ta juya takardun, ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Bari in kai wa Darinka ta gani."

"Ta ga me, Mama? An riga an saya."

"Ta dai gani."

"Ni ɗanki ne fa. Awa huɗu na yi a kan wannan."

"Ai shi ya sa. Kada wahalarka ta tafi a banza."

Washegari ina tsaye a kanti na hango Mama tana jan babban akwatinta zuwa ƙofar Goggo Darinka, alhali tafiya saura kwana biyar. Na juya allon ƙofa na bi ta.

Na tarar da su a kicin, takarduna a kan tebur kusa da kofin kofi. Goggo Darinka ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

"A'a, sarkin lissafi da kansa. Zauna. Ka yi ƙoƙari, ashirin da takwas ba wanda zai samo ƙasa da haka."

"Kin ji ko, Mama?"

"Ban gama ba, ɗan nan. Jožica, me ke cikin akwatin?"

"Abin da kika ce. Kwalbar zuma huɗu, kayan sawa, takalmin coci. Na sa garin fulawa kilo uku a madadin potica."

"To ɗauki. Ki sauka har ƙasa, ki je gindin bishiyar can ta tsakar gida ki dawo, ki hawo. Kada ki yi sauri don ina kallo, yi irin tafiyarki ta kasuwa."

Na ce, "Goggo, wannan kuma wane irin wasa ne?"

"Tashar Beljak ce wannan. Jirginta a wani dandamali zai tsaya, na Salzburg a wani. Sai ta sauka matakala, ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, ta hau wata. Ko ka zaci ɗaukarta za a yi?"

"Ai akwai lif."

"Ni? Wannan akwatin gawar?" in ji Mama. "Tun da ya maƙale da ni sau ɗaya na yafe shi har abada."

Goggo Darinka ta ciro agogon Vinko. Na miƙa hannu zan karɓi akwatin, ta buge min hannu da cokali. "Ranar Asabar kana can kana auna wa mutane ƙusa. Bar ta."

Muka tsaya a taga muna kallo. Mama na sauka matakala ɗaya, ta sauko da akwati, ta sake ɗaya. A tsakar gida ta tsaya sau biyu tana canza hannu. Na ƙirga takunta zuwa bishiya da dawowa, ɗari da arba'in. Da ta hawo tana haki, Goggo Darinka ta juyo min da fuskar agogon. Minti bakwai da sakan hamsin.

Na san abin da ke biye, ba sai an faɗa min ba. In jirgin Salzburg ya tashi ya bar ta, tikiti na biyu ya mutu, tun da ni na raba su, ba wanda zai ɗauki alhakinta. Jirgin da ke bin baya kuma sai biyu saura zai isa, lokacin addu'a ya riga ya wuce, Inna Slavka na tsaye a ƙofar coci tana duban hanya.

"Sai a sayi na ƙarfe shida," in ji Goggo Darinka. "Yanzu kuɗinsa ya kai yuro saba'in da huɗu."

"A zubar da na Rado?" Mama ta dafe jakarta. "Wallahi ba za a yi ba. Da na ɗana zan tafi, ko da rarrafe."

Ya kamata in ji daɗin wannan magana. Amma abin da ya dame ni daban ne. Ni da nake ƙirga komai, na ƙirga kuɗi, na ƙirga mintoci, na ƙirga kilomita, ban taɓa tunanin in ƙirga ƙafar mahaifiyata ba. Wata ce can ta ƙirga, da agogon mijinta da garin fulawa.

Ranar Alhamis na rufe kanti rabin yini. Na cika akwati da ƙusoshi kilo goma sha biyar, na hau jirgin takwas da sha biyu, na sauka a Beljak, na yi canjin nan da ƙafata ina duban agogo. Minti biyu da sakan hamsin da biyar. Na dawo ko gida ban biya ba, na haye benen.

"Goggo, minti biyu da hamsin da biyar! Da kaya kilo sha biyar! Har na tsaya na karanta allo."

Tana yanka albasa, ba ta ko juyo ba. "Sannu, jarumi. Sai ka ara wa Jožica gwiwoyinka ran Asabar, ta dawo maka da su Lahadi."

Na juya zan fita, sai ta ce, "Tsaya. Wane tarago ka shiga?"

"Na biyu daga gaba."

"Da ka sauka, taku nawa ka yi kafin ka kai bakin matakala? Kada ka ce min ba ka ƙirga ba, na san ka tun kana ƙirga tayal ɗin coci."

"Ɗari da sittin da uku."

Ta ajiye wuƙa ta goge hannu. Ta buɗe durowar da take ajiye cokula ta ciro wani littafi mai baƙin bango da aka ɗaure da roba. Ban taɓa ganinsa ba, kuma ban san wani a garin nan da ya taɓa gani ba. Ashe duk shekarun da ta yi a taga ta uku, har bayan ta yi ritaya, ranar hutunta takan hau jirgi da takardar ma'aikata ta je wata tasha a ƙetaren iyaka, ba don sayayya ba, ba don ziyara ba. Sauka take yi ta bi dandamali tana ƙirga taku, ta rubuta inda kowane tarago ke tsayawa, ta sha kofi ɗaya ta dawo. Tasha arba'in da ɗaya ke cikin littafin, a ƙasa huɗu. Vinko, in ji ta, ya sha cewa shi yana tuƙa jirgi a biya shi, ita tana tattaki a banza.

Ta sa yatsa a shafin Beljak. "Rabona da can shekara shida, tun da gwiwa ta hana ni. Ban sani ba ko sun canza wurin tsayawa, shi ya sa ban ce komai ba ran nan. In kai ka yi ɗari da sittin da uku daga na biyu, to ba su canza ba. Tarago na biyun ƙarshe a bakin matakala yake tsayawa. Taku goma sha biyu."

Na yi lissafin a kaina kafin ta rufe baki. Mama ta ci kusan minti uku a taku ɗari da arba'in. In an cire wannan, saura biyar.

"Je ka kama mata kujera a taragon nan, kusa da ƙofar baya. Yuro uku ne. Ka iya wannan a wayarka, ko in rubuta maka?"

"Na iya, Goggo."

"Ah to. Ka ce mata jirgi na haye gadar kogi ta miƙe ta tsaya a ƙofa da akwatinta. In ta hau ɗaya dandamalin kuma kada ta tsaya neman taragonta, ta faɗa ƙofar da ta fara gani, ta nemi kujera daga ciki."

"In jirginta ya makara fa?"

"In minti ɗaya biyu ne, sukan ɗaga ƙafa, ma'aikatan suna hango juna. In ya wuce haka sai addu'a. Ba ni na raba tikiti biyu ba."

Da yamma aka sake gwajin, ban da zuwa bishiya. Minti huɗu da sakan hamsin. Mama ta zauna tana fifita da takarduna. "Kin gani ko, Darinka? Na ce miki da na ɗana zan tafi."

"Da nasa za ki tafi, ƙawata. Ki dai rage kwalbar zuma ɗaya."

"Ba zan rage ba."

Ba ta rage ba kuwa.

Ranar Asabar ni na kai ta tasha, na ɗora akwatin a tarago na biyun ƙarshe, ƙamshin potica ya cika wurin. Na maimaita mata gada, ƙofa, matakala, har ta ce in sauka kada jirgi ya tafi da ni. Na ce tana zama a jirgin Salzburg ta kira ni. Ta ce to.

Na buɗe kanti, na ajiye waya a kan kanta. Tara saura minti tara wani mai gyaran rufi ya shigo neman ƙusa, na auna masa sau biyu don na manta nawa na zuba. Tara saura uku na bar shi yana magana ina kallon agogon bango. Tara ta buga. Tara da biyar. Waya shiru. Na kira Mama, layinta a kame. Na sake kira, a kame. Tara da minti goma sha ɗaya sai na ji an buɗe taga a ƙetaren titi.

"Rado! Sarkin lissafi!" Goggo Darinka ce, ta leƙo da wayarta a hannu. "Ta shiga! Har ta zauna kusa da taga. Ta ce da ta hau ma sai da aka yi kusan minti ɗaya kafin a rufe ƙofa."

"Ke ta kira?"

"To wa za ta kira? Ta ce in gaya maka, kada ta ɗauke maka hankali kana ciniki."

Duk layin ya ji. Mai burodi ya ji, mai gyaran rufi ya ji, har ya ce min, "Kai, matar nan ba dama. Mahaifiyarka ta yi sa'a da ta same ta."

Mama ta isa coci da sauran lokaci, ta shiga riƙe da hannun ƙanwarta. Ranar Lahadi ta dawo da hotuna da rabin kek, kek ɗin kuma ba gidana ya fara zuwa ba. Sati guda ina jin labarin yana yawo a kanti: yadda Darinka ta kai Jožica Salzburg a yuro talatin da ɗaya. Ashirin da takwas daga ciki nawa ne. Takun da ya buɗe littafin ma ni na je na ƙirgo da akwatin ƙusa. Na faɗa wa mutum uku haka, dukansu suka gyaɗa kai suka ce lalle Darinka ta iya sa mutane aiki.

Daga baya na hau benen da garin kofi rabin kilo, na roƙe ta ta bar ni in kwafi littafin.

"Ka yi me da shi?"

"In sa a waya, kowa ya amfana."

"Kowa, ko mai kantin fenti?" Ta mayar da shi durowa. "Rabin abin da ke ciki ya tsufa. An yi gine-gine, an canza matakala. In kana so, ga ƙafa Allah ya ba ka. Duk Alhamis ka je tasha ɗaya ka ƙirgo min, in gyara shafinta, ka kwafi wannan shafin kaɗai."

Na karɓa, don ban ga wata hanya ba. Zuwa yau na yi tasha bakwai: Beljak, Celovec, Trst, Videm da wasu uku. Saura talatin da huɗu. In ban fasa ko Alhamis ɗaya ba, nan da wata takwas littafin ya zama nawa shafi bayan shafi. Kafin nan kuwa, masu hawa benen sun ƙaru, don an ji cewa bayanan Goggo Darinka sababbi ne fil.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da za ka yanka wa tikiti mai canjin jirgi, don Allah kafin ka biya ka gwada wannan. Ka sa a cika akwatin da nauyinsa na gaskiya, ka samu bene, su sauka su hau da kansu, kai kana riƙe da agogo, hannunka a aljihu. Abin da agogon ya nuna ka ƙara masa minti biyu, sannan ka koma ka dubi jadawali. Ka gwada yau, tun wani bai riga ka ba.